Tsohon kili mai sanyi ko goɗiya mai rawar kai: wanne zan zaɓa wa yarona?

Maman Auta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa kai yaro hawan doki na jinya. Yarona shekararsa 7, an haife shi da lalurar sanƙarewar gaɓoɓi, cinyoyinsa a matse suke, da ƙyar ake buɗa su. Likitarsa ta fisiyo, wato mai motsa masa gaɓoɓi, ita ce ta ce mu gwada. A cibiyar sun ɗora shi kan dawaki biyu. Ɗaya tsohon kili ne dandaƙaƙƙe, ya haura shekara 20, mai faɗin baya, ko ganga aka buga a kunnensa ba ya ɗaga kai. Ɗayar goɗiya ce danda, siririya, shekararta 11, komai ya gitta sai ta juya kunne, ga shinshinar aljihun mutane. Malamar hawa ta karkata ga goɗiyar, babansa ya kafe a kan kilin, shi kuwa yaron goɗiyar yake ta ambata. Kafin ƙarshen mako suke son amsa, kuma wanda muka zaɓa shi ne na zangon gaba ɗaya. Masu yara masu taurin ƙafa, wanne ya fi yi muku?

Uwar Gida: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya. Ki kai shi kawai, abin yana da amfani. 'Yata da ko ido ba ta haɗawa da mutane, yanzu ita ke taje gezar dokinta.

Tsohon Mahayi: 'Yata, tun ba a haife ki ba nake kan sirdi. Goɗiya ba abin ɗora yaro ba ce, idan lokacinta ya zo halinta juyawa yake. Ingarma kuwa ko kusa. Dandaƙaƙƙe, mai shekaru, shi ke nan magana.

Mai Karatu: Abin yana da tarihinsa. Lis Hartel 'yar ƙasar Denmark, shan inna ya kama ta a 1944, ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa suka shanye, amma ta ci lambar azurfa a hawan doki a gasar Olympics ta Helsinki a 1952. Nasararta na cikin abin da ya zaburar da wannan harka. A 1969 aka kafa RDA, ƙungiyar hawan doki ta naƙasassu, a Birtaniya, a shekarar kuma aka kafa takwararta a Amurka, wadda yanzu ake kira PATH.

Ɗan Raha: An tambayi kili ko danda, Malam ya kai mu Helsinki. Kuɗin jirgin wa zai biya?

'Yar Ragama: Maman Auta, wannan "ko ganga aka buga" ɗin ne ya tayar mini da tsohon miki. Na yi aikin sa kai a wata cibiya, ni ke jan ragama, mutum biyu suna tafiya gefe da gefe suna tallafe yaron. Muna da wani akawal da kowa ke yabo. Yaro ya yi ihu, ya ja masa geza, ya dunƙule hannu ya buga masa a wuya, ba ya motsi. Saboda haka duk yaron da ya gagara, shi ake kawo wa. Sauran dawaki su huta, shi yana fili tun safe.

Da sannu na fara lura. Idan aka zo ɗaure majayi sai ya ƙanƙance ido, leɓɓansa su ɗaure tamau. In mun nufi dakalin hawa sai ya rage tafiya, yana kaɗa wutsiya ba ƙuda ko ɗaya a wurin. A barga ya daina leƙo kai idan an shigo, sai ya juya fuska ga bango. Na gaya wa shugabar wurin, ta ce tsufa ne. Na sake faɗa, aka ce na fiye tsegumi.

Ran da abin ya faru, da yaro a bayansa. Bai yi tutsu ba, bai yi harbi ba, Allah Ya rufa asiri. Juyowa kawai ya yi ya kama damtsena da haƙori, har yau tabon na nan. Aka ce ni na riƙe ragama kusa da baki. Likitan dabbobi da ya duba ya sami bayansa a ƙage, ana dannawa yana durƙusawa. Ba su yi masa jinya ba, sayar da shi suka yi, kuma ba wanda ya gaya mana wa ya saya. Dokin nan ba haƙuri yake yi ba, gajiya ya yi da nunawa tunda ba mai kulawa. Ni kam gara wadda ke juya kunne, ita aƙalla tana gaya maka abin da ke ranta.

Uwar Gida: Innalillahi. Sannu 'yar'uwa. To yaron fa?

'Yar Ragama: Na gefe ya sauke shi nan take. Ya fi mu kukan dokin ma.

Tsohon Mahayi: Laifin masu wurin ne wannan, ba na tsufa ba. Doki ko na ƙarfe ne ba ya yini yana ɗaukar wanda ba ya iya daidaita zamansa. Mahayin da ke tangaɗi ya fi gwani mai nauyi gajiyar da baya.

Fisiyo: Baba ya yi gaskiya a nan, amma ba wanda ya taɓo cinyoyin yaron. Doki mai faɗin baya zai tilasta masa buɗa ƙafa fiye da yadda tsokar za ta ba da, ya ji zafi, jikin ya ƙara sanƙarewa. Shi ya sa malamar ta nuna siririyar. Asalin maganin a takun dokin yake: yana kaɗa ƙugun mahayi gaba da baya, gefe da gefe, da ɗan juyi, kusan yadda ƙugu ke yi idan mutum na tafiya da ƙafarsa. Mai taurin jiki taku mai santsi yake so, dogo, marar girgiza. Sau da yawa ma ba a sa sirdi, shimfiɗa kawai, don ɗumin jikin dokin ya ratsa tsokar. Ki tabbata dai an duba ƙugunsa bai goce ba. Mai farfaɗiyar da ba ta lafa da magani ba ba ya hawa, mai lalurar Down kuma (wadda ake haihuwar yaro da ita, tana jinkirta masa girma da fahimta) sai an duba ƙashin wuyansa.

Tsohon Mahayi: Likita, kin taɓa hawa kuwa? Ko a takarda kika san goɗiya?

Fisiyo: Baba, kai ka taɓa buɗa ƙafar yaro mai wannan lalura?

Baban Tagwaye: Ku duka ku yi haƙuri, mu da muke kwana da yaran mu ya kamata a saurara. Nawa a kan mai sanyi ya fara, barci yake yi a kai. Da aka sauya masa mai kuzari ya miƙe zaune. Amma nawa jikinsa saki ne, ba tauri ba.

Ɗan Raha: Doki na gyangyaɗi, yaro na gyangyaɗi, uba ya biya kuɗin barci.

Baban Tagwaye: Kuɗin ma ba sauƙi. Idan da likita a fili, ninki biyu muke biya a kan na malamar hawa kaɗai.

Uwar Gida: Mu kam kuɗi ɗaya ne, da likita ko babu. Wata uwa ma kyauta take kai nata, ƙungiyar agaji ke ɗauka.

Baban Tagwaye: Kyauta? Tambaye ta tsawon layin jiran.

Maman Auta: Na gode ƙwarai. Anti 'Yar Ragama, in na koma me zan duba a jikin kilin? Kuma zan iya tambayarsu yara nawa yake ɗauka a rana ba tare da sun ji haushi ba?

Maman Ɗalibai: Su ji haushin mana, ai haƙƙinki ne. Ni abin da ke ƙona mini rai daban ne. Ki shirya yaro, ki sa masa hular kwano tun daga gida don ɗoki, ku isa a ce masu tafiya gefe ba su zo ba, yau babu hawa. Kuɗin ranar kuma ya tafi.

'Yar Ragama: Hajiya, masu tafiya gefen nan ba a biyansu ko sisi. Hannu a ɗage kan cinyar yaro har a tashi, kafaɗa kamar ta cire, sannu ma ba kowa ke yi musu ba.

Maman Ɗalibai: Ban ce laifinsu ba ne. Amma ran da masu ba da tallafi za su zo ɗaukar hoto, ban taɓa ganin an rasa mutum ko ɗaya ba.

Baban Tagwaye: Ke ma kin lura ashe. Hoton yarona a shafin cibiyarmu na Facebook na gan shi, ba wanda ya nemi izinina. Akwai wanda ya san yadda ake sa su cire?