Smith miliyan biyu da ɗoriya: duk jikokin maƙera ne?

Sagir: Assalamu alaikum jama'a. Yau na ci karo da abin da ya faranta mini rai, na ce sai na kawo shi nan. Sunan dangin da ya fi kowanne yawa a Ingila shi ne Smith, haka a Sikotland, haka a Amurka da Ostareliya, kuma ma'anarsa maƙeri. A ƙidayar Amurka ta 2010 kaɗai an samu mutum 2,442,977 masu wannan suna. Ni jikan maƙeri ne, da ƙarar masaba na tashi, kuma na sha jin ana cewa ƙira sana'ar baya ce. To ga mutanen da suka ƙera jirgin ƙasa, gidan da ya fi girma a cikinsu gidan ƙira ne. Abin da na tsaya a kai: duk Smith ɗin da kuka gani jinin maƙeri ne, tushensu ɗaya, kuma yawansu shaida ce cewa Turawa sun girmama maƙera har suka yi arziki suka hayayyafa.

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Sagir, magana uku ka ɗaure a ƙulli ɗaya, ɗaya ce kawai zan sa wa hannu. Ma'anar daidai ka faɗa. Kalmar tsohuwa ce ƙwarai, har akwai rubutun wajen shekarar 975 daga yankin Durham da ya ambaci wani Ecceard da wannan laƙabi. Amma ka lura, laƙabi na ce. A wancan zamani Bature suna ɗaya gare shi, in an ƙara masa wani abu don a bambanta shi, da shi ake binne shi. Sunan gado ya fara kama ƙasa ne bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, manyan masu filaye suka fara, talakawa suka biyo baya a hankali, sai wajen 1400 akasarin gidaje suka zama suna da sunan da ɗa ke gada daga uba. A cikin waɗannan ɗaruruwan shekaru, kowane gari da nasa maƙerin, kuma ba su san juna ba. Ta ina tushen zai zama ɗaya?

Alhaji Bala: Malam, kada a yi saurin kayar da yaron nan. Ƙira gado ce. Ba a wayi gari mutum ya ɗauki awartaki ya ce shi maƙeri ne ba, sai ya yi shekaru yana jan zugazugi a gaban ubansa. In haka take a can, to ko da garuruwan sun bambanta, ƙila daga gida guda sana'ar ta bazu.

Dakta Hadiza: Baba Alhaji, wannan an gwada shi, ba zato ba ne. Akwai ƙwayar gado da ake kira Y, wadda ɗa namiji ke karɓa daga mahaifinsa kusan ba tare da ta canza ba, wato hanya ɗaya take bi da sunan dangi. Turi King da Mark Jobling na Jami'ar Leicester sun fitar da bincike a 2009 a kan maza 1,678 masu sunaye 40. Sunayen da ba su da yawa, irin su Attenborough, an tarar mafi yawan masu su kakansu ɗaya ne. Da aka zo kan Smith, sai aka ga tamkar an tsaya a bakin kasuwa an tara duk wanda ya gifta. Babu wata alaƙar jini da ta haɗa su fiye da wadda ta haɗa su da sauran mutanen ƙasar.

Sagir: Yaya Hadiza, na ji, na janye maganar kaka ɗaya. Amma yawan fa? Ba a banza suna zai rinjayi dukkan sunayen ƙasa ba. Dole maƙera sun fi kowa yawa ko sun fi kowa ƙarfi.

Malam Ɗanjuma: Bari in tambaye ka. A Ingila ta shekara 700 da suka wuce, wace sana'a ce ta fi yawan mutane?

Sagir: Noma, Allah ya gafarta Malam.

Malam Ɗanjuma: To me ya sa sunan manomi bai zama na ɗaya ba? Akwai sunan Farmer, amma bai ko kusa da Smith ba, kuma asalinsa ma ba mai riƙe fartanya yake nufi ba, wanda ya karɓi kwangilar tara haraji ko kuɗin haya ake kira haka. Dalilin a bayyane yake in ka tuna ƙauyenku. Akwai Audu biyar. Ba wanda zai ce Audu manomi, don duka biyar ɗin manoma ne, sunan bai raba komai ba. Amma in ka ce Audu maƙeri, ko yaron da aka aika da lauje ya san ƙofar da zai tsaya. Abin da ake bukata kafin laƙabi ya yaɗu shi ne sana'ar ta kasance kaɗan a cikin gari, amma babu garin da ba ta. Ƙira ta cika sharuɗɗan nan biyu fiye da kowace. Mai saƙa da mai rini suna taruwa ne inda ake cinikin ulu, mai jirgi yana bakin ruwa, amma bakin garma da ƙarfen kofaton doki da ƙusa da wuƙa, babu ƙauyen da zai rayu ba su.

Ga kuma wani abu. Kalmar ba ta tsaya ga mai baƙin ƙarfe ba. Yadda muke da maƙeran baƙi da maƙeran fari, haka su ma, kalma ɗaya ta lulluɓe mai aikin zinariya da mai aikin dalma da mai ƙera bakin kibiya. Wasu sun riƙe cikakken sunan, shi ya sa har yau akwai Goldsmith da Arrowsmith. Sana'o'i da yawa ne suka zuba a kogi ɗaya.

Alhaji Bala: Wannan misali na Audu ya shige ni. Amma ban saki maganar arziki ba. Maƙeri ba ya kwana da yunwa, ko fari aka yi sai an zo gyaran gatari. Gidan da ake ci a ƙoshi, 'ya'yansa sun fi rayuwa, masu ɗaukar sunan su ƙaru.

Malam Ɗanjuma: Hankali zai iya karɓar haka, Alhaji, amma yawan sunan ba ya bukatarsa. Dubban gidaje da suka fara a lokaci guda sun isa su bayyana abin da muke gani. Kuma ku duba takardun harajin kai na 1377 da 1379 da 1381, harajin da ya tayar da boren talakawa ƙarƙashin Wat Tyler. A wasu daga cikinsu an rubuta sunan mutum da sana'arsa, sai a ga sunan na wata sana'a, aikin da yake yi na wata. Tun a lokacin suna ya fara rabuwa da maƙera. Jikan maƙerin da ya koma kiwon tumaki, talaka ne ko mai hali, da Smith ya tafi.

Nasiru: Ni inda nake son a tsaya shi ne adadin da Sagir ya fara da shi. Shekarata tara a Amurka. Cikin mutum miliyan biyu da dubu ɗari huɗun nan, fiye da ɗaya cikin biyar baƙaƙen fata ne. Kakanninsu daga gaɓar yammacin Afirka da ta tsakiya aka ɗebo su a ɗaure, da sunayensu na gida, aka raba su da su. Da aka haramta bauta a 1865, kowa ya bukaci sunan da zai shiga takarda. Wasu sun ci gaba da na wanda ya mallake su, wasu sun ɗauki na wani ubangidan da ya mallaki iyayensu tun farko don dangin da aka sayar su iya gano su, wasu sun zaɓi sabo gaba ɗaya. Shi ya sa sunan Washington a yau kusan tara cikin goma na masu shi baƙaƙe ne. Ƙanena, ba zai yiwu ka kalli Tommie Smith, ɗan tseren Amurka baƙar fata wanda ya ɗaga dunƙulallen hannu don nuna adawa da wariyar launin fata a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, ka ce masa sunansa shaidar girman maƙeran Ingila ne ba. Wannan maganar tana yi mini ciwo.

Sagir: Yaya Nasiru, ka yi haƙuri, wallahi ban yi tunanin wannan ba lokacin da na rubuta.

Nasiru: Na san ba da gangan ba ne. Ba Amurka kaɗai ba ma. Bayin da jiragen Ingila suka ƙwato a teku aka sauke a Saliyo, da yawa an raɗa musu sunayen Turawa wajen baftisma. Samuel Ajayi Crowther, ɗaya daga cikinsu, sunan wani limamin coci na Landan aka ba shi. Da jikokinsu da su kansu suka dawo Legas, suka zo da Williams da Cole da Johnson da Smith. Sannan akwai baƙin da suka shiga Amurka daga Turai suka juya sunayensu. Jamusawa masu Schmidt da dama sun koma Smith, musamman wajen 1917 da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus, shekarar da gidan sarautar Ingila kansa ya ajiye sunansa na Jamusanci ya koma Windsor. A Ailan da Sikotland ma an mayar da sunaye irin su Mac Gabhann zuwa Smith.

Sagir: A nan kam sai na tsaya da ƙafata. Schmidt me yake nufi? Maƙeri. Mac Gabhann fa? Ɗan maƙeri. Waɗannan ba aro suka yi ba, fassara suka yi, kakansu dai a gaban uwar maƙera ya zauna. Kuma ku duba sauran ƙasashe: Schmidt shi ne na biyu a Jamus bayan Müller, Kowalski na biyu a Poland, ga Kuznetsov a Rasha, Kovács a Hungary, Lefebvre a Faransa, Ferrari a Italiya, Haddad a ƙasashen Larabawa. Harsuna daban, sana'a ɗaya. Wannan ba girma ba ne?

Dakta Hadiza: A wannan ka yi gaskiya, kuma ya ƙara wa bayanin Malam ƙarfi. Duk inda mutane suka yi noma da ƙarfe suka kuma ɗauki sunan gado daga sana'a, maƙeri na sahun gaba.

Hajiya Rabi: Sai yanzu na taso daga aiki na karanta duka. Sagir ɗana, zan gaya maka abin da na gani a shekarun da na yi a Ingila. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari a nan Smith ne, ba a mako ban kira sunan a wurin aiki ba. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya ji an kira shi ya tuna da wuta da gawayi ba. A wajensu sunan gama-gari ne, in suna son cewa wane ɗan wane, sai su ce John Smith. Haka Taylor ba ya tuna ɗinki, Baker ba ya tuna burodi, Cooper da yawa ba su ma san mai haɗa ganga yake nufi ba. Ni kaina Smith biyu na sani da kyau, ɗaya ta aure ta samu sunan, don mace a nan kan ɗauki na mijinta, ɗayan kuma na mijin mahaifiyarsa ne da ya riƙe shi. In ka ce girma, to girman yana can baya, a lokacin da aka raɗa sunan. Na yanzu ba sa jin sa yadda kake jin naka. Kuma kada a ce duk Birtaniya, a Wales Jones ne a gaba, wato ɗan John, don su sunan uba suka bi kamar yadda muke yi.

Alhaji Bala: Hajiya ta tuna mini. Mu ma nan Arewa mun ga namu. Akwai Gwamna Sharwood-Smith da ya bar mulki a 1957, wanda ake wa laƙabi da Mai Wandon Ƙarfe. Akwai kuma Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya kafa cibiyar tarihi ta Arewa House a Kaduna a 1970. Da ya musulunta ya canza sunansa na yanka, amma bai taɓa Smith ba.

Malam Ɗanjuma: Kuma daidai ya yi, Alhaji, don sunan mahaifinsa ne, Alƙur'ani kuwa a Suratul Ahzab aya ta 5 ya ce a kira mutane da iyayensu maza. Ku haɗa shi da Malcolm X da ya jefar da Little, da Muhammad Ali da ya ajiye Clay a 1964. Su sun ce sunan ba na kakanninsu ba ne, daga zamanin bauta ya biyo su. Shi ya riƙe, su sun yar, kuma dalili ɗaya ne ya sa kowannensu: ana son suna ya nuna asalin gaskiya. Shi ya sa ba zan yarda a ba duk masu Smith hukunci ɗaya ba.

Nasiru: Shi ke nan abin da nake nema. A raba lissafin.

Sagir: Na raba. Waɗanda suka gaji sunan daga ƙauyukan Ingila, da Jamusawa da 'yan Ailan da suka fassara nasu, ina nan a kan cewa a ƙarshen igiyar sunan akwai wani mutum da masaba a hannu, ko da ba kowane mai sunan ne jininsa ba, kamar yadda Anti Rabi ta nuna. Jikokin bayi na cire su daga wannan lissafi. Sai dai Yaya Nasiru, a cikin bayin ai akwai maƙera, ko ba haka ba?

Nasiru: Akwai su da yawa. Manyan gonaki suna da nasu maƙera daga cikin bayi, har a kan ba da hayarsu ga maƙwabta, kuɗin ya shiga aljihun ubangida. Wasu daga gida suka tafi da sanin ƙarfe.

Sagir: To waɗannan su na fi jin kusanci da su, ko wane suna aka rubuta musu. Zan karanta wa kawuna wannan muhawara in an tashi daga maƙera da yamma.

Alhaji Bala: Ka gaishe shi. Ka kuma tambayar mini shi ko gidan ƙira ya taɓa rasa hatsi a shekarar fari, don ni da Malam ba mu gama da maganar arziki ba.