'Yan mata na faɗuwa a taron safe, darasin motsa jiki kuma ya koma kan allo: daga ina zan fara?

Malamin Aji Biyu, Gombe

Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata ƙaramar sakandaren je-ka-ka-dawo a cikin garin Gombe, kuma a wannan zangon ne aka ɗora mini kula da lafiyar ɗalibai da wasanni. Abin da na gada shi ne akwatin magani mai ɗauke da auduga da rabin kwalbar aidin, sai ƙwallo ɗaya da ta sace. A jadawali muna da darasin motsa jiki da lafiya, amma sau da yawa lissafi ke cinye lokacinsa, musamman idan jarrabawa ta ƙarato. Ranar da aka yi shi kuma, a kan allo ake yi: yara su zana filin ƙwallon raga a littafi, su haddace tsawonsa da faɗinsa, alhali ba su taɓa riƙe ƙwallon ba.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ranar Litinin. Muna tsaye a taron safe wata yarinya 'yar aji biyu ta sulale ƙasa, ƙawayenta suka kewaye ta suna yi mata fifita da gefen hijabi, wata ta fasa ledar ruwa ta yayyafa mata. Ita ce ta uku a zangon nan, kuma dukkansu mata ne. Wasu malamai sun ce iska ce, wasu sun ce kasala. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da iyaye da malaman da suka riga ni a wannan aiki: makarantar da ba ta da nas, ba ta da kuɗi, filinta kuma bai wuce farfajiya ba, da me ya kamata ta fara?

Ma'aikaciyar Jinya, Kumo

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka tambaya maimakon ka kawar da kai. Shawarata ita ce kada ka fara da gudu ko tsalle, ka fara da sanin yaran da ke gabanka. Yarinyar da ta faɗi, a sa malama mace ta keɓe ta, ta tambaye ta ko ta karya kumallo, ko tana cikin al'ada, ko jinin yana zuba da yawa, sannan ta ja fatar idonta ta ƙasa ta duba tafin hannunta. Idan sun yi fari, to akwai alamar ƙarancin jini, kuma gwajinsa a asibitin sha-ka-tafi ba ya ɗaukar lokaci. Masu cewa iska ce ba sai an yi jayayya da su ba. A yi addu'a, a kuma kai ta gwaji, domin ɗaya ba ya hana ɗaya. Idan suman ya zo da jijjiga, ko ya zo tana tsakiyar gudu, wannan na likita ne kai tsaye.

Shekarun nan daga 10 zuwa 19, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira na ƙuruciya da balaga, su ne jiki ke miƙewa da sauri, jini yana ƙaruwa, buƙatar sinadarin ƙarfe tana hauhawa, ita kuma mace tana rasa wani kaso duk wata. Ka haɗa wannan da yarinyar da ta share gida, ta ɗebo ruwa, ta fito da ƙafa ba ta sa komai a cikinta ba, sannan aka tsayar da ita rabin awa a rana. Saboda haka hukumar ta ba da shawarar cewa a wuraren da ƙarancin jini ya yawaita a riƙa ba matan da suka fara al'ada ƙwayar ƙarin jini sau ɗaya a mako, wata uku ana sha, wata uku ana hutawa. Kada dai ka sayo ka raba da kanka. Ka je wurin mai kula da asibitin da ya fi kusa da makarantarku ku ƙulla zumunci, domin ta hannunsu maganin tsutsar ciki da alluran rigakafi suke bi, har da ta cutar dajin bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a ƙasar nan a watan Oktoban 2023.

Dalilina na cewa a fara duba yaran shi ne sikila. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar masu amosanin jini, kuma da wuya a rasa su a makarantarku. Irin wannan yaro ba a hana shi wasa, amma gudu mai tsanani cikin zafi babu ruwan sha, ko fita cikin sanyin hunturu babu rigar kirki, na iya tayar masa da ciwo ya kwana a asibiti. Haka mai asma idan ƙura ta tashi. Samari kuma, musamman masu zuwa wanka a rafi ko wajen madatsar Dadin Kowa, a tambaye su a asirce ko suna ganin jini a ƙarshen fitsari, domin tsargiya ma tana shan jini, yara kuma ba sa faɗa. Littafi ɗaya mai ɗauke da sunan kowane ɗalibi da lalurarsa da lambar mahaifinsa ya fi akwatin maganin nan amfani, matuƙar an adana shi inda ba kowa ke buɗewa ba.

Tsohon Malamin Wasanni, Bauchi

Na yarda da 'yata ma'aikaciyar jinya, sai dai ina jin tsoron abu ɗaya: kada jiran gwaji ya zama sabon uzurin da zai sa zangon ya ƙare yara ba su fita ba. Na ga haka da idona sau da yawa kafin in yi ritaya. Duba yara aikin mako biyu ne, mafi yawansu kuma lafiyarsu ƙalau, zama ne kawai ya yi musu yawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga 'yan shekara 5 zuwa 17 ita ce kimanin minti 60 na motsa jiki a kullum, irin wanda ke sa numfashi ya ɗaga, kuma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan huɗu cikin kowane matasa biyar a duniya ba sa cika wannan, mata kuma sun fi maza gazawa.

Ɗana, rashin fili ba hujja ba ce. Langa ba ta buƙatar komai sai ƙafa ɗaya da wurin da za a kira gida, kuma duk wanda ya yi ta minti goma ya san abin da take yi wa cinya da huhu. Tsallen igiya, tseren miƙa sanda, jan igiya tsakanin aji da aji, duk farfajiya ta ishe su. Ba kowane yaro ne zai taka leda a filin wasa na Pantami ko ya sa rigar Wikki Tourists ba, kuma ba don su aka sa darasin ba. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne in zaɓi goma sha ɗayan da suka iya in bar saura a gindin darbejiya suna kallo. Na gane daga baya cewa na gindin bishiyar su suka fi buƙatata. Ka raba ajin gida huɗu, kowa ya motsa, kada wanda ya jira fiye da minti biyu.

Ka roƙi shugaban makaranta ya mayar da darasin zuwa farkon safiya, domin a watan Maris da Afrilu zafin ƙasarmu yana kaiwa digiri 40, kuma fitar da yara da tsakar rana zalunci ne. A ajiye randa ko jarka kusa. A daina sa tsallen kwaɗo a matsayin horo, domin yaron da ya san motsa jiki a matsayin azaba ba zai so shi ba. Game da samari kuma, wanda ya gaji da wasa yana yin barci da wuri, wanda yake da ƙungiya da malamin da ke tambayarsa in bai zo ba yana da wuyar faɗawa hannun masu tiramol da sholisho, ko da yake ban ce wasa kaɗai ke tsare shi ba.

Uwar 'Yan Mata Uku, Tumfure

Baba, Allah ya ƙara girma, amma akwai abin da ku maza ba ku cika gani ba. 'Yata ta tsakiya tana son gudu tun tana ƙarama, ta daina ne ranar da ƙirjinta ya fara fitowa samari suka tsaya a taga suna dariya. Ba kasala ke zaunar da 'yan mata ba. Idan ana so su fito, a ware musu lokacinsu ko ɓangarensu, malama mace ta jagorance su, a bar su da dogon wando da riga mai yalwa da ƙaramin hijabi. Mu iyaye ba ma ƙin wasa, tunda ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha; abin da muke nema sutura ce da mutunci.

Sannan banɗaki, Malam. Yarinyar da ta san babu ƙofa babu ruwa a bayin makaranta, ba za ta sha ruwa da safe ba don kada fitsari ya kama ta, ranar da take al'ada kuma gida za ta zauna. Ku kawo wannan gaban ƙungiyar iyaye da malamai. Ƙofar langalanga da sakata da buta biyu da kwalin audugar mata a ofishin malama ba su fi ƙarfinmu ba.

Malamin Aji Biyu, Gombe

Na gode muku baki ɗaya. Hajiya, maganarki ta sa na je na duba bayin 'yan mata bayan an tashi, na tarar ƙofa ɗaya ce ke rufuwa cikin huɗu, kuma shekarata biyar a makarantar ban taɓa lura ba. Shugabanmu ya amince a rage taron safe zuwa minti goma, kuma darasin aji biyu zai koma safiyar Laraba. Yarinyar da ta faɗi, mahaifiyarta ta kai ta gwaji, an ce jininta ya yi ƙasa, an ɗora ta a kan magani. Abin da ya rage mini shi ne malamar da za ta jagoranci 'yan matan, domin malamai mata uku gare mu kuma babu wadda ta karanci wasanni. Baba, idan akwai tsarin minti 35 mai sauƙi da wadda ba ta taɓa koyar da darasin ba za ta iya bi, don Allah ka rubuto mana shi kafin Laraba.