Wane irin dutse ya dace da kantar kicin na tsakar gida?

Uwargida: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Muna gina ɗan kicin a tsakar gida saboda girkin gawayi da suyar sallah, rumfar kwano ce kawai a kai, gefe a buɗe. Maigida yace a sa mabul ni kuma ina tsoro, ko tayil zai fi?

Magini: Wa alaikumussalam Hajiya. Mabul kam a bar shi a falo. Ruwan tsamiya ko lemun tsami na ɗiga a kai zai cinye ƙyallin wajen, manja kuma shiga yake ya zauna, ki goge har ki gaji. Giranait ki saya, yana ɗaukar rana da ruwan damina da tukunya mai zafi, sai dai kar ki ɗauki baƙi, da azahar lokacin bazara ba ki iya dafa shi da hannu wallahi. Ki leƙa kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa da ke Kano ki taya.

Maman biyu: Ni tayil na saka, sauƙin kuɗi ne ya ja ni, amma layin tsakaninsu ya gama baƙi da maiƙo da ƙurar hunturu, ɗaya ma ya fashe ranar da yarinya ta ɗora turmin daka yaji.

Uwargida: To idan kuɗin giranait ɗin bai kai ba fa?

Magini: A zuba kankare da rodi a shafe da siminti sumul, a ɗan karkata shi ruwa ya riƙa gangarewa. Katako kuwa kar ma a fara, gara da laima za su gama da shi.