Tawaye, juyin mulki da tarzoma: ina bambancin?

Ɗan Kasuwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Kullum a rediyo sai ka ji "tawaye", "bore", "juyin mulki" kamar abu ɗaya. A shari'a me ke mayar da rikici tawaye?

Barista:
Wa alaikumus salam. Abu biyu ake dubawa: makami da manufa. Jama'a su haɗa kai, su ɗauki makami don kifar da gwamnati ko ƙwace ikonta a wani yanki, wannan shi ne tawaye. Ƙona tayoyi da fasa shaguna tarzoma ce, komai muninta. Sashe na 217 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa sojoji murƙushe tawaye, amma sai Shugaban Ƙasa ya kira su. Wanda ya yaƙi ƙasa kuwa, sashe na 37 na kundin dokokin manyan laifuffuka na Kudancin Najeriya ya kira shi cin amanar ƙasa, hukuncinsa kisa.

Malamin Tarihi:
Barista, misalin Isaac Boro ya dace. A Fabrairun 1966 ya ayyana Jamhuriyar Neja Delta da 'yan bindigarsa, kwana 12 aka gama da su. Aka yanke masa kisa, Gowon ya yafe masa a 1967. Juyin mulki daban: daga cikin gida yake fitowa, sojojin gwamnati su kame fada da gidan rediyo da asuba.

Barista:
Haka ne, Malam. Wuyar a kotu ita ce tabbatar da niyya. Bindiga a hannu ba ta isa ba, sai an kawo shaidar shiri da manufar kifar da hukuma.