Neman kalma: me za mu kira "giredin" tsohuwar kwandalar azurfa?

Assalamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya nake nema, kuma na fi son masu sana'a su sa baki kafin 'yan boko. Masu tara tsofaffin kuɗi a ƙasashen waje ba sa taya kwandala sai sun faɗi abin da suke kira giredi, wato gwargwadon yadda hannu ya ci ta tun daga ranar da aka buga ta. Mu nan Gombe kayan muna da su: riyal a ƙasan adakar kakanni, riyal a wuyan matan Fulani, sule da dala na zamanin Turawa a tiren masu sayar da zobba. Sunan awon ne ba mu da shi, shi ya sa cinikinmu kullum a kan sikeli yake ƙarewa.

Ga yadda awon yake. Wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949, daga 1 zuwa 70. Kwandalar da ta suɗe har da ƙyar ake gane irinta ita ce 1. Daga 20 zuwa 35 zanen ya fito sosai amma tudunsa ya ci hannu. Daga 50 zuwa 58 saura ƙiris ta zama sabuwa. Daga 60 zuwa 70 kuwa ba ta taɓa yawo a kasuwa ba. Kamfanoni irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC na 1987, aikinsu ke nan: su duba, su ba da lamba, su rufe kwandalar cikin ƙaramin gidan roba. Sule guda biyu na shekara ɗaya, nauyi kusan ɗaya, sai ka ga ɗaya kuɗin azurfarsa kawai za a biya, ɗaya kuma a ninka masa sau da yawa. Wannan tazarar nake so mu raɗa wa suna.

Wani malamin makaranta daga Kumo ya fara amsawa, ya ce ai ba sai an wahala ba, a ce daraja.

Malam, na gode, amma a nan nake jin tsoro. Idan ka ce wa mutum riyal ɗinsa yana da daraja, abin da zai ji shi ne yana da tsada. Alhali abu uku ne a nan, kowanne da ƙafarsa: ko na gaske ne ko jabu, yadda jikinsa yake, sannan nawa za a saya. Riyal ɗin Mariya Teresa, sarauniyar Ostiriya, ya ishe mu misali. Kusan duk wanda ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinsa, shekarar da sarauniyar ta rasu. An daskarar da shekarar ne, aka ci gaba da buga shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, daga baya har a Landan da Rum da Faris da Bombai, fiye da miliyan 300, kuma har gobe ana buga shi a Ostiriya. Saboda haka za ka iya samun riyal mai sheƙi, babu ko ƙwarzane, giredinsa can sama, amma farashinsa bai wuce na azurfarsa da wani abin kirki ba, don irinsa sun yi yawa. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, tsantsar azurfar ciki wajen giram 23.4. Idan muka ce daraja, mun cusa giredi da farashi a buhu ɗaya, kuma da wannan ruɗanin ake cutar mutane, a nuna musu 1780 a ce kayan tarihi ne na shekara ɗari biyu da ɗoriya.

Inganci ma an kawo. Wannan mu bar wa tambayar farko, ta gaske ko jabu: a auna nauyi, a kara mayen ƙarfe a ga ko zai kama, don azurfa ba ta kamuwa, a ƙyasta a ji amo, a duba rubutun da ke zagaye da bakin riyal ɗin. An kawo kalmar aji ma, amma ita makaranta take kai hankali.

Sai wani dattijo da ya yi aikin awon auduga ya aiko ta hannun jikansa, ya ce su a zamaninsu lamba suke cewa: lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku, kuma duk manomin da ya taɓa kai auduga kasuwa a ƙasar Gombe ya san ma'anarta.

Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan ita ce ta fi jan hankalina, don kalma ce da ta riga ta yi wannan aikin a garin da har yau akwai unguwa mai sunan BCGA, kamfanin audugar Turawa. Na so ƙwarai a ce ita ce. Matsala ɗaya ce, kuma babba: a auduga lamba ɗaya ita ce ta ƙwarai, har bakinmu ya saba da cewa abu lambawan ne. A ma'aunin Sheldon kuwa 1 ita ce ta ƙarshen baya. Ranar da dillali ya ce wa tsohuwa sulenta lamba uku ne, za ta ɗauka ya kusa kaiwa ƙoli, alhali ya suɗe ne har rubutunsa ya fara ɓacewa. Kalmar za ta riƙa juya wa mutane lissafi.

Wanda ya buɗe mana hanya wani maƙerin azurfa ne daga Bauchi, wajen kasuwar Wunti. Ya ce su idan aka kawo musu riyal, abin da suke fara tambaya shi ne, "Yana da lafiya?" Ma'ana ba a huda shi ba, ba a liƙa masa kunne ba, bai suɗe ba. Ya ƙara da cewa tsofaffin 'yan kasuwa ƙwayoyin adon da ke kafaɗar sarauniyar suke dubawa, in sun shafe sai a rage kuɗi.

Maigida, ai ka gama magana. Abin da Turawan suke yi da madubin ƙara girma ke nan: su nemi wurin da ya fi tudu a zanen, don shi hannu yake fara ci. A riyal gashin sarauniya ne da adon kafaɗarta. A sulen Afirka ta Yamma na 1913, mai kan Sarki Joji na Biyar da bishiyar kwakwa a baya, hular sarautar da gemu ake fara dubawa. Af, tun da na ambaci wannan sulen: na 1913 zuwa 1919 azurfa ce kashi 925 cikin 1000, a 1920 ne aka fara komawa gaurayen tagulla. Wani kuma za ka ga ƙaramin harafin H a jikinsa, alamar an buga shi a masana'antar Heaton da ke Birmingham. Masu tarawa suna kula da wannan harafin, don yawan abin da aka buga yakan bambanta daga wata masana'anta zuwa wata.

To amma lafiya ita kaɗai ba ta ɗaukar lamba. Ba a cewa lafiya ta 35. Shi ya sa nake ganin mu haɗa ta da mataki. Kowa ya san ma'aikacin gwamnati mai mataki na 14 yana gaba da mai mataki na 8, wato lissafin sama yake hawa, daidai da na Sheldon. Sai mu ce matakin lafiya. Gwada a bakinka: "Dalar nan matakin lafiyarta 30 ne." "Kafin ka yi mata kuɗi, bari a duba matakin lafiyarta." Ba ta yi wa harshe nauyi ba, kuma ba ta yi alkawarin farashi ba.

Malamin Kumo ya dawo ya ce ta yi tsawo. Gaskiya ne Malam, kuma kasuwa da kanta za ta gutsure ta ta koma mataki kawai. Ban damu ba, in dai an san matakin mene ne.

Biyu daga cikin ƙananan kalmomin ba su ba mu wahala ba. Wadda ba ta taɓa yawo ba, 60 zuwa sama, sabuwa fil ce. Wadda aka huda, ko aka liƙa wa kunne, ko aka dirje, kamfanonin can ba sa ba ta lamba kwata-kwata, sai su rubuta abin da ya same ta. Mu mu ce mai aibi, kalmar da malamanmu na fiƙihu suke amfani da ita a babin ciniki, inda wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa. Kuma a nan ina roƙo da babbar murya: don Allah a daina wanke tsofaffin kuɗi da toka da lemon tsami ko man goge haƙori. Sheƙin asali da injin bugawa ya bari a fuskar azurfa, in aka dirje shi ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Kwandala mai mataki 50 tana iya zama mai aibi cikin minti biyu a hannun mai son ta yi kyau.

Abin da muka tsaya a kai ke nan: inganci daban, matakin lafiya daban, farashi daban. Mai sayarwa sai ya rubuta, "Sulen 1913, na gaske, matakin lafiya wajen 25, babu aibi," sannan a shiga ciniki.

Saura guda ɗaya. Duhun nan da azurfa take yi in ta daɗe a ajiye, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi a gefe, wanda masu tarawa suke so a bar shi yadda yake. Tsatsa ba ta dace ba, don ta baƙin ƙarfe ce. Maƙerin Bauchi ya ce su dafewa suke cewa, amma ni dafewa datti take kawo mini a rai, kuma duk wanda ya ji datti sabulu zai nema. Wani ya kawo rinin shekaru. Mutanen Dukku da Nafaɗa da Azare, ku me kuke cewa?