Neman shawara: takardun tambayoyina sun ƙi dawowa, ga lokacin miƙa kundi ya matso

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce a Garwa, Kamaru, ina shekara ta biyu ta mastar a fannin sadarwa. Ina bincike ne kan matan unguwar Yelwa masu sana'a a cikin gida: ta ina labari ke iso musu, rediyo ko saƙon murya na WhatsApp, kuma wanne suka fi gaskatawa. Malamin da ke duba aikina ya ce in raba takardar tambayoyi da Faransanci. Na buga 150 da kuɗina, 34 suka dawo, su ma da gani ka san yara 'yan makaranta ne suka cike, don rubutun hannu ɗaya na gani a gida uku. Da na koma hira baki da baki sai zance ya ɓarke, amma ina fito da waya zan naɗa sai a yi tsit. Wata dattijuwa har ta tambaye ni ko gwamnati ce ta aiko ni. Saura wata huɗu in miƙa kundi. In dage da takardun ko in sauya hanya? Kuma hirar da Hausa da Fulatanci ake yi, kundin kuwa da Faransanci. Yaya zan fassara ban zubar da maganarsu ba? Wallahi abin ya hana ni barci.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Garwa:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin shiga gidajen mutane ba ta ƙofa ba. Ki karɓi takardar izinin bincike daga makarantarku, ki kai gaisuwa wurin jauro ko lawan, wato masu sarautar unguwa, ya haɗa ki da mace ɗaya da ake jin maganarta, ungozoma ko uwar adashi. Ranar farko kada waya ta fito daga jaka. Sannan ki daina tambayar "rediyo" a dunƙule. BBC Hausa tun 1957 take magana, Muryar Amurka ta fara Hausa a 1979, RFI sai 2007. Matar da ta tashi tana jin BBC a akwatin mahaifinta bayan sallar asuba, yardar da ta yi da ita gado ce. A nan gida Kamaru kuwa, dokar 'yancin sadarwa ta fito a Disamba 1990, amma sai a Afrilu 2000 aka sa hannu kan dokar da ta buɗe wa masu zaman kansu ƙofar kafa tasha. Kafin nan muryar cikin gida ta gwamnati ce. In mace ta ce miki "rediyo ya faɗa", tambaye ta wanne.

Ɗalibar digiri na uku, Ngaundare:
Ƙanwata, kwantar da hankalinki, yaran nan da suka cike takardun sun ba ki abin rubutawa. Wanda ya karanta wa uwa takardarki, wataƙila shi ke buɗe mata saƙo a waya, shi ke ce mata wannan ƙarya ce. Koma ki duba aikin Katz da Lazarsfeld na 1955 kan yadda labari ke bi ta bakin wasu mutane kafin ya kai ga sauran jama'a. Mata kusan 800 aka yi wa tambayoyi a garin Decatur na Amurka, kuma zama aka yi da su ana tambaya, ba takarda aka ajiye musu ba. Ke ma ki riƙe takardar a hannunki, ki yi tambayar da Hausa, ki cike da kanki a gabanta.

Batun fassara shi ya fi cin raina a nawa aikin. Ki fara rubuta hirar da harshen da aka yi ta, a daren ranar, tun ba ki manta wa ya yi dariya a ina ba. Faransancin ya biyo daga ƙasa. "An ce", "ƙishin-ƙishin" da "jita-jita" ba ɗaya ba ne a bakin Bahaushiya: akwai wanda take jiran tabbacinsa, akwai wanda ta riga ta yar. In kika zuba su a kalmar Faransanci ɗaya, abin da kika fita nema kika kashe. Ki bar su da Hausa a cikin kundin, ki yi bayani a ƙasan shafi. Na Fulatancin ki nemi wadda ta sha shi a nono ta duba miki.

Wani ɗan'uwa, Marwa:
Ki cike sauran da kanki kawai, wa zai bincika?

Malamin jami'a, Injamena:
A'a Malam, wannan ha'inci ne, kuma tambaya biyu a ranar kare kundi ta isa ta tona shi. Malama, shawarar 'yar'uwarmu ta Ngaundare mai kyau ce, sai dai kada ki sauya komai malaminki bai sa hannu ba, don sai da amincewarsa za ki tsaya gaban masu jarrabawa. Kai masa takardun nan uku masu rubutu ɗaya ya gani da idonsa, tare da shafi ɗaya na sabon tsari. Tsoron dattijuwar kuma kada ki raina shi. Mu nan Chadi an toshe mana WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yuli 2019, mutane sun san waya ba abin wasa ba ce. Kada ki rubuta sunan kowa, ki sa lamba. Wadda ta ƙi naɗi, ki rubuta da biro. Kuma kada ki shiga zaurensu na WhatsApp ki kwashi saƙonni ba su sani ba.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Malam, ranar Litinin zan kai wa malamina takardun in sha Allahu. Yaya, in ya amince, hira nawa kike ganin zan iya rubutawa in fassara cikin wata biyu? Ta minti arba'in da na gwada jiya ta cinye mini yini guda.