Akwatin kakanmu maƙerin fari: ta ina za mu fara gano tarihinsa?

Ɗan Gidar: Salamu alaikum 'yan uwa. Kakanmu maƙerin fari ne a Gidar ta ƙasar Kamaru, yana kuma gyaran agogo. Ya bar akwati ɗauke da agoguna, tsabar azurfa, zobba da takardun fatanti, wato na harajin sana'a. Dattawan gida sun saɓa kan lokacin da ya fara sana'ar. Kayan nan za su iya raba mana gardama?

Maƙerin Garwa: Wa alaikumus salam. Za su iya, muddin ba ku wanke ko narkar da komai ba tukuna. Tsabar da ke da hoton mace da shekarar 1780, wato ta Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, kada ta ruɗe ku: duk wadda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar take ɗauke da ita. Ta gaske nauyinta giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa, kuma irinta maƙera ke narkarwa su yi mundaye. A cikin zobe ku duba lamba: 750 zinariya ce karat 18, 875 karat 21, 925 ko 800 azurfa. Kan gaggafa hatimin Faransa ne. Aikin hannun kakanku galibi ba za ku ga lamba a jikinsa ba, don haka ku ware marasa lamba gefe guda, wataƙila su ne nasa.

Mai Agogo, Marwa: Ɗan uwa, don Allah kada ku yi wa agogunan wani, wato kada ku murɗa su don su tashi. Man ciki ya bushe ya haɗu da ƙurar hunturu, in ƙafafun suka juya a haka sai su ci bakin sandunansu. A buɗe murfin baya da mabuɗinsa, wuƙa tana ƙarce shi. Masu gyara na da sukan zana alamarsu da kwanan wata a cikin murfin da tsinin allura, sai da madubin ido ake gani. In alama ɗaya ta maimaitu a agoguna da yawa, hannun kakanku ne, kuma kwanan watan da ya fi tsufa ya ba ku mafari.

In akwai agogon kamfanin Seiko abin ya zo da sauƙi. Lambar baya mai guda shida, ta farko shekara ce, ta biyu wata. O, N da D na nufin Oktoba, Nuwamba, Disamba. Matsalar ita ce 4 na iya zama 1974 ko 1984, sai lambar inji ta raba: 7S26, alal misali, bai fito ba sai 1996. Mai batir irin wanda aka rubuta wa "Quartz" kuwa ba ya gaban 1969. Tsohon agogo mai haske da dare, na kafin shekarun 1960, kada a kankare fuskarsa, fentin na iya zama mai radiyom, sinadari mai cutar da lafiya.

Hajiya daga Kuseri: Ɗana, takardun nan sun fi zinariyar daraja. Dubi sunan ƙasar Kamaru a kan takardar: "République Fédérale" 1961 zuwa 1972 ne, "République Unie" daga 1972 zuwa 1984. Rasit mai Fort-Lamy, tsohon sunan N'Djamena, galibi bai wuce 1973 ba. Sannan ku je wa tsofaffin matan unguwa da hotunan mundayen, kowacce ta san wanda ya ƙera mata na aurenta da shekarar da aka kai ta ɗaki. Ku tambaye su ɗaya-ɗaya, don in suna tare babbar ce kawai za ta yi magana.